Hagu-Biyu da Yadin Shugaba

Shafi na 14

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina na cikin waya.

Na ji amsarku tun kafin in zauna: "Ta zo, Kaka, ta zo, mun gaji da jira!" To ga ta. Har da mai cewa in ban sako yau ba za ta daina gaishe ni. Gaishe ni dai, 'yar nan, yau ba zan bar ku a rataye ba.

Wanda yau ya shigo, matso in kama maka hannu. Shagon ɗinki ne na mata biyu, ya da ƙanwa, gadon mahaifinsu. Yaya ke yanka, ƙanwar ke zama kan keke. Shekara ashirin da uku ƙanwar ba ta sa almakashi a yadin mutane ba, tun ranar da tana 'yar sha bakwai ta yanka wa wata riga hannu biyu, duk na hagu. Daga nan sunan ya manne mata: Hagu-Biyu.

Shekaranjiya Yaya ta zame a matakala, tsintsiyar hannunta na dama ta karye, filasta har gwiwar hannu. Ga kuma yadin Shugaba a kan tebur, tsohuwar shugabar makarantar da suka yi. Marigayi mijinta ne ya sayo mata shi, ta adana shekara tara don ranar da autarsu za ta karɓi digiri. Ranar jibi ce. Yadi uku da rabi ne cif, babu irinsa a kasuwa. Ta ce ƙarfe biyu za ta zo ta ga an yanka.

A nan muka tsaya.

*

Hagu-Biyu ta turo ƙofa da ledar zare a hannu.

"Yaya, ba a sami mai duhun ba, sai dai wannan..."

Ta tsaya cak a bakin ƙofa.

Yaya na zaune a kujerar yanka, hannun filasta a rataye a wuya, littafin awo buɗe a cinyarta. Ta baya aka buɗe shi.

"Rufe ƙofar."

"Yaya..."

"Na ce ki rufe. Awon Shugaba nake nema, na ce ko a baya kika rubuta. Ashe ni ake aunawa a baya."

Ledar ta suɓuce, zare ya gangara ƙarƙashin keke. Ba wanda ya bi shi.

Yaya ta ɗora yatsa a kan layi, ta karanta a hankali kamar mai karanta takardar kora.

"'Yaya ta gaji da ni. Tausayi kawai ya sa take riƙe da ni a shago. Tamanin cikin ɗari.'" Ta ɗago. "Tamanin na gaji da ke? Ashirin ɗin fa, su na bar miki na zumunci?"

"Ba haka ake karanta shi ba. Wannan ƙarfin yadda na yarda da maganar ne a lokacin."

"Au, har kin yarda."

"A lokacin, Yaya. Kin shigo da safe, na gaishe ki, ba ki amsa ba."

"Haƙorina ke ciwo ranar!"

"Na sani. Yana nan a shafin, a gida na huɗu. Ki karanta."

"Ba zan karanta ba. Na ga abin da zan gani."

Jikokina, ƙirjin Hagu-Biyu ya fara dukan nan da ta sani. Tsohuwar muryar cikin kanta ta taso da gudu: shi ke nan, kin rusa komai, yau za ta ce ki kama gabanki, ke dama ba ki taɓa abu ya yi kyau ba.

Ta dubi agogon bango. Sha ɗaya da kwata.

Ta ja numfashi, ta ƙirga huɗu a ranta, ta sake shi a hankali. Sannan ta jawo benci ta zauna.

"Kin tuna wata uku da suka wuce, da na ce zan je a duba mini ido?"

"Na tuna. Kika dawo ba tabarau."

"Ba ido ba ne. Ƙirjina ne. Duk sanda kika ce in miƙo miki almakashi sai ya kama bugawa kamar zan faɗi. Suka yi duk gwaje-gwajensu, suka ce zuciya lafiya lau. Sai wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni ta ce, 'Me kike faɗa wa kanki kafin bugun ya fara?' Na ce ba na faɗa wa kaina komai. Ta ce in je in saurara. Ta ba ni wani ɗan littafi, ta nuna mini yadda ake jan gidajen nan biyar."

"Da rular Baba ma kika ja su."

"Ita ce a kusa. Gida na farko, abin da ya faru, yadda ido ya gani, ba ƙari. Na biyu, abin da zuciyata ta ce. Na uku, nawa na yarda. Na huɗu, shaidu, masu goyon baya da masu ƙaryatawa. Na biyar, abin da zan faɗa wa ƙawata in ita abin ya sama."

"Wato kotu kika buɗe mini a bayan littafin awo. Ke ce mai ƙara, ke ce alƙali, ni ce ɓarauniyar da ba a ko aika wa sammaci ba."

"Ba ke ake tuhuma ba, Yaya. Tunanin ake tuhuma."

Yaya ta yi tsaki. Amma idonta ya riga ya sulale zuwa gida na huɗu. Kun san Yaya, ba ta iya ganin rubutu ta bar shi.

"'Mabuɗin shago yana hannuna shekara goma.' Hm. 'In an yaba ɗinki takan ce ƙanwata ce ta yi.' To da wa zan ce? 'Da rana na ga tana tauna ta gefe ɗaya, ashe haƙori ne.'" Ta tsallaka gida na biyar. "'Rashin amsa gaisuwa sau ɗaya ba gajiya da mutum ba ne. Ashirin cikin ɗari.' Har yanzu da sauran ashirin?"

"Ke ma ai kin san bakinki."

Saura kaɗan Yaya ta yi dariya. Ta lashi yatsa ta juya shafi.

Hagu-Biyu ta zabura.

"Wannan kam ki bar shi."

"Don me?"

"Ban gama shi ba."

"Ni na gama warkewa ne da kika gan ni a shago? Zauna."

Ta karanta.

"'Hannuna ɓarna yake yi. In na yanka, sai na lalata. Casa'in da biyar cikin ɗari.' Masu ƙaryatawa: 'Jarida sha biyu. Tsohon zanen gado huɗu. Farar rigar aikin 'yata, guda biyu. Duk ni na yanka a gida, ba wadda ta ɓaci.'" Ta ɗago a firgice. "Farar rigar nan? Wadda na juya ta ciki da waje ina cewa wane gwani ne ya zaunar da kafaɗa haka?"

"Ita."

"Kika ce mini sayowa aka yi!"

"Tsoro na ji ki ce a kawo ki duba da kyau."

"Ai na duba da kyau, ja'ira! Shi ya sa na yaba!"

Sai idonta ya koma gida na farko. Muryarta ta fara ƙasa-ƙasa.

"'Yadin ya gaza, bai ninku ba, aka shimfiɗa shi ɗaiɗai. Na ga layin alli, na bi shi da almakashi. Baba ya dawo, ya ɗaga hannayen rigar biyu, ya ce, "Wa ya yanka?" Na ce ni ce.'"

A ƙarƙashin wannan akwai wani layi da aka rubuta da ƙananan haruffa, an ja masa ƙasa sau biyu. Yaya ba ta karanta shi da ƙarfi ba. Ƙanwar ce ta faɗe shi da ka.

"Wa ya ja allin?"

Yaya ta kafe layin da ido.

Bari in ɗan tsaya in fahimtar da waɗanda ba su taɓa zama a shagon tela ba. Hannun riga yana da gaba da baya, gabansa ya fi zurfin lanƙwasa. In yadi ya wadata, sai a ninke shi fuska da fuska a yanka lokaci ɗaya, dama da hagu su fito da kansu. In ya gaza kuwa, ɗaiɗai ake zanawa da kwalin hannu, kuma dole a kife kwalin kafin a zana na biyu. Wanda ya manta ya kife, ya sami tagwaye. Mai almakashi kuwa layi kawai yake bi.

"Littafin ya ce in rubuta abin da idona ya gani kawai," in ji Hagu-Biyu. "Na zauna na yi ta nema. Na tuna nauyin almakashi. Na tuna warin guga. Ban tuna alli a hannuna ba, Yaya. A lokacin ma Baba bai fara barina in riƙe alli ba."

Fankar sama tana ta ƙiƙi-ƙiƙi.

"Ban rubuta don in kama kowa ba. Wata biyu ina son in tambaye ki, sai zuciyata ta ce kina neman wanda za ki ɗora wa ne."

Yaya ta rufe littafin.

"Ni ce."

"Na'am?"

"Ni na ja allin. Baba zai fita, ya ce in zana in bar miki ki yanka, ki fara koyo. Baban yaran nan yana tsaye a bakin titi yana jirana, lokacin ko magana ba a kai gida ba. Ido ɗaya a taga, ido ɗaya a yadi. Ban kife kwalin ba."

"Yaya..."

"Da Baba ya ce wa ya yanka, kika riga ni buɗe baki. Na ce a raina gobe zan faɗa. Gobe ta zama mako. Sai mai shagon takalma ya laƙaba miki sunan, layi duk ya ɗauka. Ni ma na kira ki da shi, don in ban kira ba za a ce me ya sa." Hawaye ya gangaro, ta kai hannun filasta za ta share, ya ƙi lanƙwasuwa. "Ranar da Baba zai rasu na shiga zan faɗa masa, na tarar yana barci. Na ji daɗi da na tarar yana barci. Kin ji irin yayar da kike da ita."

Kuna tsammanin Hagu-Biyu ta ji sanyi a ranta ko? Ina! Hannunta ya ƙara rawa, har benci yana motsi.

"Shekara ashirin da uku, Yaya."

"Na sani."

"'Yata tana aji biyu ta dawo gida tana kuka, wai an ce uwarta hagu biyu gare ta."

"Na sani. Ki zage ni."

Hagu-Biyu ta miƙe. Ta zare littafin daga cinyar yayarta, ta ɗauki rula da biro, ta buɗe sabon shafi ta fara jan layi.

"Ke! Na ce ki zage ni, rubutu kuma?"

"Zan zage ki. Wallahi zan zage ki, har sai kin ƙoshi. Amma ba yanzu ba. Sha biyu ta wuce."

Yaya ta leƙo.

"To yanzu da kika san ba ke ba ce, ai tsoron ya tafi?"

"Dubi hannuna. Ya yi miki kama da wanda tsoro ya bari? Abin da ya shekara ashirin da uku a ɗaki ba ya kwashe kayansa don an ba shi labari." Ta ci gaba da rubutu. "Kuma ba na son in jingina da laifinki. Ko da ni na ja allin, yarinya ce 'yar sha bakwai ta yi kuskure sau ɗaya. Da 'yata ce, da na ce mata ɗauki wani yadi ki sake."

Ta rubuta: Zan ɓata yadin Shugaba. Saba'in cikin ɗari.

A ƙasa ta rubuta: Mu gwada mu gani.

Ta ɗauko kwalin hannu, tsohon nan na Baba da gefensa ya yi baƙi, ta shafa jan alli a fuska ɗaya har ta rine.

"Wannan kuma fa?"

"Hannun farko, ja yana kallona. Na biyu, kada in ga ja."

Yaya ta ƙura wa kwalin ido. Shekara talatin tana yanka, wannan dabarar ba ta taɓa zuwa mata ba.

Aka shimfiɗa yadin. Ruwan toka ne mai sheƙi, da ƙananan furanni masu hawa sama, bayansa a dushe. Yana ƙanshin akwatin da ya daɗe a rufe. Yaya na karanto awo, ƙanwar na aunawa sau biyu tana zanawa. Gaba, baya, wuya. Allin ya karye sau uku a hannunta.

Sai aka zo kan almakashi.

Hagu-Biyu ta ɗauka. Ta ajiye. Ta goge hannu a jikin siket. Ta sake ɗauka.

"In ba za ki iya ba, mu kira..."

"Yaya, yi mini shiru."

Ƙarar farko ta fita, ƙiris. Duniya ba ta tashi ba. Ta biyu ta bi. Gumi na ɗiga daga haɓarta, tana kawar da kai don kada ya taɓa yadin. Gaba ya fita. Baya ya fita. Wuya ya fita.

Ta dubi abin da ya rage.

Ƙyalle biyu ne, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan. Kowanne da ƙyar zai ɗauki hannu ɗaya. Babu ninki. Ɗaiɗai za a yi, kamar wancan karon.

Daidai nan aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ɗaya da rabi. Shugaba ba ta taɓa makara ba a rayuwarta, kuma zuwa a kan lokaci ma a wurinta makara ce.

Ta shigo da sandarta, ta dubi filastar Yaya, ta dubi yadinta da ya zama gunduwa-gunduwa, ta dubi mai riƙe da almakashi.

"Wa ya yanka?"

Tambayar Baba ce, kalma a kan kalma. Hagu-Biyu ta ɗago kai.

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Ke? Ba ke ce ake ce wa..."

"Ni ce."

Shugaba ta taka a hankali har bakin tebur, ta ɗora tafin hannu a kan ƙyallen.

"'Yan mata, wanda ya sayi yadin nan ba zai sake sayen wani ba. Da kun gaya mini an yi karaya, da na san inda zan nufa."

"Ranki ya daɗe, laifina ne," in ji Yaya. "Da ma wancan tsohon..."

"Yaya, ba yau ba." Hagu-Biyu ta juya ga tsohuwar. "Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro. Ɗazu saba'in cikin ɗari na yarda zan ɓata shi. Yanzu hamsin."

Shugaba ta dube ta ta saman tabarau, irin kallon da ke sa aji guda ya daina numfashi.

"Sauran hamsin ɗin fa?"

"Su ne ke riƙe da almakashi."

Tsohuwar ta ɗage hannunta daga kan yadin, ta jawo benci ta zauna, ta gicciye sanda a cinya.

"Ci gaba. Ina kallo."

Hagu-Biyu ta ɗora kwali a ƙyallen farko, ja yana sama. Ta zana, ta yanka. Hannu ɗaya ya fita.

Ta koma ɗaya kusurwar. Ido huɗu a bayanta. Ta ɗora kwali, ta danne, ta kai alli, har ya taɓa yadi ya bar ɗigo.

Yaya ta cije leɓe har ya yi fari.

Ja.

Ja yana kallonta.

Muryar ta yi tsalle a kanta: kin gani? Ke ɗin dai ce! Saura ƙiris! Ajiye kafin ki kashe tsohuwar mutane!

Ta ɗage allin. Ta ce da ƙarfi, ba tare da ta dubi kowa ba:

"Na kusa. Na gani. Na gyara."

Ta kife kwalin.

"Da wa take magana?" Shugaba ta tambayi Yaya ƙasa-ƙasa.

"Da wadda ake tuhuma, ranki ya daɗe."

Hagu-Biyu ta zana. Ta duba furannin, suna hawa sama. Ta sa almakashi ta bi layi, ta zagaye lanƙwasar nan ba ta tsaya ba, har bakin ƙarfen ya haɗu a ƙarshe.

Ba wanda ya motsa.

Ta ɗauki na farko, ta ɗauki na biyu, ta shimfiɗa su gefe da gefe, fuska a sama.

Ɗaya ya kalli taga. Ɗaya ya kalli ƙofa.

Dama da hagu.

Yaya ta kifa fuska a kan filastarta ta fashe da kuka. Shugaba ta ciro hankici ta goge tabarau, ta daɗe tana gogewa, alhali ba abin da ke jikinsa. Ita kuwa mai almakashin ta buɗe littafin awo ta baya, ta nemi inda ta rubuta "mu gwada mu gani," ta rubuta a ƙasa: An gwada.

*

Shugaba ta sa rigarta ranar digirin auta. Kalmasar baya ta ɗan fi ta gaba tsawo da faɗin yatsa, aka farke aka gyara cikin minti goma, ba wanda ya mutu.

Zagin da aka yi wa Yaya alkawari ya iso bayan mako guda, cikakke, ba a rage mata ko kalma ba. Kwana uku ba su yi wa juna magana ba, sai ta bakin 'yar ƙanwar. A na huɗu Yaya ta sayo sabon littafi ta ajiye a kan keke, ta ce a ja mata gidaje biyar. Abin da ta rubuta a ciki ba ta nuna wa kowa ba.

An cire filasta bayan mako shida. Yanzu kwana ɗaya wannan ta yanka, kwana ɗaya waccan. Kwalin Baba yana nan da jan allinsa.

Mutanen layi ba su bar sunan ba, takan amsa wa wanda ta ga dama. Yaya kam bai sake fita daga bakinta ba.

Tsoron bai kai sifili ba. Wata ranar goma, wata ranar talatin. Tana rubuta shi, ta ɗauki almakashi, ta yanka.